Dokin Yumɓun da Na Ƙwanƙwasa

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka tura mu huɗu ƙasar Indiya mu koyo noman shinkafa. Lokacin ni ƙaramin malamin gona ne a Birnin Kebbi, ina zagaya fadamar Zauro a kan keke, da wando mai karin guga da alƙalami a aljihu, ina ji kamar ni na karɓo 'yancin da hannuna. Abu ɗaya ke rage mini jin daɗi: mahaifiyata maginiyar tukwane ce a Argungu, ni kuma kunyar hakan nake ji. Ranar kasuwa in na hango ta zaune cikin randunanta, sai in karkata kan keke ta layin masu kifi. A Indiya ma duk wanda ya tambaya, cewa nake atamfa take sayarwa. Ƙaryar har ta zauna mini a baki.

Wani abokin karatuna ɗan ƙasar, siriri mai yawan dariya, ya gayyace ni ƙauyensu in ga wurin bautarsu. Na ce masa ni Musulmi ne, kallo kawai zan yi. Ya ce ai kallon yake so in yi. Muka shiga mota, muka sauka muka hau keken shanu, gonakin shinkafa hagu da dama, ga balbelu suna bin manoma, har na fara neman wanda na sani a cikinsu.

Tun daga ƙofar wurin bautar na rikice. Mata sun zana ƙasa da garin shinkafa, zane mai sarƙaƙiya wanda ba ka gane farkonsa balle ƙarshensa, kuma wai kullum da safe sabo suke yi, tururuwa su cinye na jiya. Na cire takalmi ina ɗaga ƙafa kada in taka. Sama da ƙofar an jera siffofi, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, ga mai kan giwa da tumbi, ga wata mai hannaye da yawa. Na ce a raina wannan da a gidanmu take, da daka da tankaɗe da tuƙi duk lokaci guda za ta gama. Ƙararrawa na bugawa, wani yana busa doguwar algaita har kumatunsa sun kumbura, ana fasa kwakwa, ƙamshin turare da furanni ya cika wurin. Baki buɗe nake tafiya, sai washe haƙora nake ba dalili.

Muka zagaya baya, ƙarƙashin wasu manyan itatuwa, sai ga dawakai a jere, kowanne ya fi ni tsayi, da linzami da ƙararrawa a wuya, haƙora waje kamar suna dariya. Abokina ya ce kowace shekara ake gina sabo a kawo wa abin bautar da suka ce yana tsaron ƙauyen. Na matsa kusa. Yumɓu ne! Gasasshen yumɓu, irin na randar Inna, amma doki sukutum.

Wanda ya tashi a gidan tukwane ba ya ganin gasasshen yumɓu ya ƙyale. Kafin in yi tunani, na lanƙwasa yatsa na ƙwanƙwasa ƙirjin dokin. Ya amsa rau, gwanin daɗi. Na sunkuya na ƙwanƙwasa ƙafar baya, na kara kunne.

Sai na ji algaita ta tsaya. Wata mata ta dafe baki. Abokina, wanda ban taɓa ganinsa ba dariya ba, ya zaro ido ya ce da ni ƙasa-ƙasa, “Ba a taɓa su!” Ga wani tsoho yana tahowa, ba riga, da farar toka a goshi. Abokina ya raɗa mini cewa shi ke jagorantar bauta a nan, kuma shi ya gina dawakan. Tsohon ya dube ni daga sama har ƙasa, ya yi magana da yarensu.

“Yana tambaya me ka ji,” in ji abokina.

Da ina da wayo, haƙuri zan ba shi. Amma bakina ya riga ni. Na ce ƙirjin ya gasu sarai, ƙafar baya ce wuta ba ta ishe ta ba, amonta a mace yake, kuma an cuɗa yumɓun da ƙaiƙayin shinkafa. Abokina ya fassara. Sai tsohon ya fashe da dariya har yana dukan cinya. Wai ranar da aka gasa shi iska ta juya wutar daga wannan gefen, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Sannan ya tambaya ɗan gidan wa ne ni.

Abokina ya fara amsawa, na ji ya kama zancen atamfa. Na riƙe hannunsa.

“Gaya masa uwata maginiya ce. Tukwane take yi, da randuna da tuluna. A wurinta na koyi wannan.”

Tsohon ya haɗa tafin hannuwansa biyu, ya ce in gaishe masa da ita. Ya ja ni bayan gidansa, ya nuna mini yadda ake gina ƙafafu daban, a ɗora ciki, a bar kai sai ƙarshe. Babu mai jin yaren wani, amma muka yi ta hira da hannu, ina murza yumɓu ina tsalle kamar yaro. Wandon nan mai kari ya yi kaca-kaca. A hanyar komawa abokina bai bar ni na huta ba, sai tambayata yake nawa yadin atamfa a Argungu.

Da na dawo gida, ranar kasuwa na tafi Argungu, na jingina keke a gaban randunanta, na tsuguna na gaishe ta a idon kowa. Na ba ta labarin dawakan ina ɗaga hannu sama ina nuna tsayinsu, na isar mata da gaisuwar tsohon.

“Doki na yumɓu? Da mi sunka gasa shi?” in ji ta.

Na ce da itace da busasshen kashin shanu da ƙaiƙayi. Ta gyaɗa kai, ta ce haka ya kamata. Ta shiga goge bakin wani tulu da gefen zanenta.

“Ina ganinka hwa, duk ran kasuwa, in ka bi ta wurin masu kihi,” ta ce. “Matso mini randar can, rana ta kai gare ta.”