Azurfa Mai Mujiya

Ni maƙerin fari ne, a Gummi na gaji sana'ar, amma akwai azurfar da ban taɓa yarda in sa a wuta ba. Shekarar da cutar bushiya ta ƙare shanu, matan Fulani suka riƙa kwance liyarin kitsonsu, wato tsofaffin kuɗin azurfa, suna kawo mini. Wanda ya suɗe in narka, in yi munduwa. Wanda bugunsa ya zauna, har kana ganin silin gashin sarauniyar da ke jiki, sai in ajiye. Mutane suka ce taɓuwa ce. To, su ce mana.

Sai wani tsohon alhaji na wajen Bukkuyum, wanda ya je Makka da ƙafa, ya kawo mini wata 'yar kwandala mai kauri, wai in yi masa zobe. Gefenta ko daidai bai yi ba, amma bugun, kai! Fuska guda mace ce da hular yaƙi, ɗayar kuwa mujiya ce, ido ƙuru-ƙuru, kowane gashi a fili. Guduma ɗaya aka sauke, hannun bai yi rawa ba. Wani malamin makaranta ya ce aikin Yunanawa ne, tun kafin Annabi Isa. Na ba alhaji zobe na wata azurfar, na riƙe kwandalar. Wallahi na so abin nan.

Da damina ɗiyata ta fari, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta kwanta da zazzaɓi, ta fara shiɗewa. A wajenmu in yaro na haka, cewa ake tsuntsu ne ya kama shi, kuma kowa ya san wane tsuntsu. Inna, mahaifiyata, ta iske ni a maƙera.

"Kai, mi kaka ajiye cikin gidanga? Mujiya ka aje, kana kallon ɗiya na mutuwa?"

Na ce, "Inna, ƙarfe ne fa."

"Ƙarfen na da ido ko ba shi da?"

Na kai yarinyar asibiti aka yi mata allura, na karɓo rubutu. Jiki ya ƙi. Inna ta daina cin tuwon gidana, matata kuwa kallona kawai take, kuma kallon ya fi zagi ciwo. Daga ƙarshe na sa kwandalar a 'yar tukunya, na ja zuga-zugi da hannuna. Idon mujiyar ne ya fara lotsewa. Ban yarda da maganar ba ko kaɗan, amma ina ja ina roƙon Allah ya sa gaskiyar Inna ce.

Yarinyar ta cika da la'asar. Da muka dawo daga maƙabarta na durƙusa gaban Inna, ina jiran ta ce in yi haƙuri. Ta dube ni ta ce, "Da ka narke ta ranar da nac ce maka, da tana nan."