Shafatbal da Hanyar da Ya Ƙi Takawa

Mutanen Sur sun gina birninsu a kan dutse a tsakiyar teku, suna ta hura hanci wai ba mahaluƙin da zai taɓa su. Ruwa gabas, ruwa yamma, amma na sha sai an ɗebo musu daga ƙetare. Aikin Shafatbal ke nan tun yana saurayi, tulu ashirin a kwalekwale, sawu uku a rana.

Shekarar da sojojin Girka suka fara zuba duwatsu a teku wai za su yi hanya zuwa birnin, ba wanda ya kai shi dariya. Har tuƙawa yake ya je kusa da su.

"Sannunku da aiki, jakunan sarki! In kun gama cike tekun, ku zo ku share mana sama!"

Wata bakwai, hanya ta iso gindin ganuwa. Abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne, gari ya faɗi, ƙannensa biyu a nan suka tafi. Shi da matarsa Arishat sun tsira don sun ɓuya a haikalin Milkart, abin bautar garin. A gabansa Shafatbal ya rantse ƙafarsa ba za ta taka hanyar nan ba, a raye ko a mace.

Teku kuwa, wannan da ake taƙama da shi, maimakon ya share hanyar sai ya dinga tara mata yashi, kowace shekara tana ƙara faɗi. Masu jakuna suka karɓe ruwan gari. Gogan naka yana nan yana dogon zagaye da tulunansa, ya iso rana tsaka an riga an cika randuna.

"Maigida, ka sayi jaki kamar kowa mana," in ji Arishat.

"Jaki? Ni ɗan Sur? Bari hunturu ya zo, igiyar ruwa za ta kwashe ta ki sha mamaki."

"Hunturu na sha tara ke nan kana faɗa. Tekun naka kurma ne?"

Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya hana shi sukuni. Makabartar Sur a ƙetare take, kuma tun kaka da kakanni ta ruwa ake kai gawa.

"Arishat, a kwalekwale za a kai ni. Kin ji ko?"

Ta ce ta ji. Ranar da ya rasu ta zagaye gari neman matuƙi, duk sun zama masu jaki. Aka tura kwalekwalensa, tun kafin a sa gawar a ciki, ruwa ya cika shi. Mutum huɗu suka saɓa Shafatbal a kafaɗa suka nufi hanyar. Arishat ta bi su da gudu-gudu, tsohuwa, tana kukan da ba ta yi ba ko ranar da gari ya faɗi.

"Ku ɗaga shi sosai! Kai na baya, ɗaga! Kada ko yatsansa ya taɓa ƙasa."