Bututun da Na Zaɓa wa Alhajin Maraɗi

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Guangzhou, wasu ma da gangan na manta su. Amma ranar da na zaɓi bututun ruwa na gidan kwantenar Alhajin Maraɗi, wannan kam da ita za a kai ni kabari.

A lokacin gari na cikin ganiyarsa. Ka fito titin Huanshi Lu bayan la'asar, Hausa ce ke tashi ta kowace kusurwa, ta Kano, ta Nijar, har da ta 'yan zangon Gana. Yanzu rabin mutanen sun watse, waɗanda suka rage kuma ko sallama sai ka roƙa. Ni a aji uku na sakandare na tsaya. Na shekara goma sha ɗaya ina gyaran famfo a Kano kafin in faɗo ƙasar Sin, ina raka 'yan kasuwa sayayya.

Alhaji ya girme ni nesa ba kusa ba. Duk Juma'a faranti ɗaya muke ci. Kuma ba ya sayen wani abu da ya shafi ƙarfe ko ruwa sai ya ce, "A dakata, sai Injiniya ya gani." A gaban manyan mutane yake faɗa. Ni da ko takardar gama makaranta ba ni da ita, wannan sunan shi ne dukiyata a garin, kuma a bakinsa kaɗai nake samunsa.

Da gwiwoyinsa suka fara ciwo ya ce ya gaji, gida zai koma ya yi noma. Gonakinsa biyu ne, ta fadama inda yake albasa da rani, da ta tudu inda yake gero da damina. Sai ya sa wata masana'anta ta ƙera masa ɗaki na kwantena mai tayoyi, wanda tarakta za ta riƙa ja daga wannan gona zuwa waccan. Da tanki a sama, da banɗaki, da ɗan famfo ƙasa-ƙasa na alwala don kada ya riƙa sunkuyo da buta.

Muka je duba aiki kafin su rufe bango da daɓen katako. Ina leƙawa na ga sun shimfiɗa wani bututun roba mai laushi, ja da shuɗi, yana lanƙwasa kamar igiya. Raina ya ɓaci.

"Alhaji, tiyon ban-ruwan fulawa suka sa maka. Sun ga baƙi ne."

"Ka tabbata, Injiniya? Ku Kanawa ba ku ganin abu ku bar shi."

"Ku kuma 'yan Nijar ko igiyar shanya aka ɗaura muku sai ku ce marsi, kun gode. A cire!"

Ya yi dariya har da tari, ya ce a cire.

Washegari muka shiga kasuwar kayan famfo a unguwar Liwan. A Kano yadda muke gwada bututu ɗaya ne: ka ɗaga ka ji nauyi, ka ƙwanƙwasa ka ji ƙara, ka ajiye a ƙasa ka hau da ƙafa. In bai lotse ba, shi ne na ƙwarai. Haka maigidana na Kano ya koya mini, haka na yi a shagon wata tsohuwa 'yar Sin. Na zaɓo farin fayif mai tauri, irin wanda ake haɗawa da gam, na hau kansa da takalmina ina kallon Alhaji.

Matar ta tambayi inda za a sa. Alhaji ya nuna mata hoton ɗakin a waya. Tana ganin tayoyi ta kaɗa kai. "Lawban, meyo, meyo!" Wato maigida, babu, ba za ta yiwu ba. Ta jawo naɗin mai laushin nan, ta kama shi da hannu biyu tana girgizawa. Ta ɗauko farar gwiwar haɗi ta yi alamar karyewa. Ta yi magana a wayarta, wayar ta fassara da Turanci cewa gida mai tafiya yana son bututu mai tafiya tare da shi.

Alhaji ya dube ni. "Kamar tana da magana fa."

"Tana da kayan da suka ƙi fita dai. Alhaji, gidaje nawa na ja wa ruwa a Kano? Ko ɗaya ba a taɓa kirana an ce ya zuba ba."

Gaskiya na faɗa. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, duk gidajen nan babu wanda ya taɓa motsawa daga inda aka gina shi.

Da hannuna na haɗa shi, kwana biyu ina shafa gam. Muka zuba ruwa, ko ɗigo babu. Aka rufe bango da daɓe, aka loda a jirgin ruwa a tashar Nansha. Alhaji ya bi bayan kayansa, na raka shi filin jirgi ina ɗauke da jakarsa.

Wata huɗu muna gaisawa a waya. In na tambayi gida sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ya iso." Wani ɗan Yamai ne ya fasa mini ƙwan a wurin cin abinci, bai ma san ni na yi aikin ba. Ya ce daga Kwatano zuwa Maraɗi hanya ta jijjiga kwantenar har haɗin bututun suka tsattsage a cikin bango. Ranar da aka cika tanki, Alhaji ya tara 'yan uwa da liman don a yi addu'a. Ya zauna zai yi alwalar farko, famfo ya ƙi kawowa, ruwa ya ɓullo ta ƙarƙashin darduma. Katakon ya kumbura, sai da aka ɓamɓare rabin ɗakin. Ana ta dariyar dattijon da ya je har Sin ya sayo kwata.

Na ture farantin gefe. Na fita waje na kira shi.

"Alhaji, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"In gaya maka ka yi yaya? Ruwa dai ya zo, har inda ba mu gayyace shi ba." Ya yi 'yar dariya. "Bar shi, Malam. Ya wuce."

Malam. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Mun ci gaba da gaisawa har Allah ya karɓi abinsa, duk sallah sai ya aiko mini da kilishi. Amma da zai sayi injin ban-ruwa mai sola, wani ya aika ya duba masa, ni a bakin mutane na ji.

Har yau ina nan ina raka mutane kasuwa, yaran yanzu suna ce mini Baba suna duba farashi a waya a bayan idona. Ba na jin haushinsu sosai. Abin da na koya, da tsada na koye shi: sanin da ka yi a garinku iyakarsa garinku, kuma ranar da aka fi yarda da kai ita ce ranar da ya kamata ka fi yin shiru ka saurara. Da na ba tsohuwar nan minti biyar, da dattijon ya yi alwalarsa lafiya a gaban mutanensa.