Kwale-kwalen da Verna Ta Cika da Ruwa

Shekara talatin ina maƙwabtaka da Verna Kangas a bakin tafkinmu, ban taɓa ganin ta sayi ko ƙwai ba sai ta ɗaga shi a rana ta leƙa. Marigayi mijinta Arvo yakan ce ranar aurensu ma sai da ta ciji zoben.

Da ƙanƙara ta narke a bana, tsohon kwale-kwalen Arvo ya tashi daga aiki. Lorna, 'yar Verna, ta kafa sharaɗi: 'ya'yanta biyu ba za su haye zuwa bukkar tsibiri ba sai a jirgin da ita ta amince da shi. Verna kuwa tana da shekara saba'in da huɗu, ta san hayewar da ta rage mata da jikoki ba ta da yawa.

Ni na kai su wurin Duane Lahti mai gyaran inji. Jirage biyu na alminiyam na sayarwa suna kan tirela a tsakar gidansa.

"Tagwaye ne, Inna Verna," in ji Duane. "Tsawon ƙafa goma sha huɗu, benci uku, a shekara ɗaya aka ƙera su. Rufe ido ki nuna."

"Masu rufe ido suna ƙasan tafki," in ji ta.

Ɗaya duk ƙarzuna ne. Ɗayan an shafe cikinsa da sabon fenti ruwan toka, shi Lorna take ta shafawa da hannu.

"Wa ya yi fentin?" in ji Verna.

"Ni mana."

"Yaushe ka fara son ado, Duane? Rigar nan tun bikin ƙanwarka take jikinka. Miƙo tiyo."

Mu nan a tudu muke gwada jirgi: a zuba masa ruwa a ciki, a kwanta ƙarƙashinsa a jira. Duane ya kawo kofi, Verna ta ƙi taɓawa. Ta shimfiɗa kwali ta kwanta, gwiwoyinta suna ƙara.

Can sai mai ƙarzunan ya soma hawaye ta ƙusa uku, a hankali, ɗigo na bin ɗigo. Mai fentin ko raɓa.

"To, kin gani!" Duane ya tafa hannu.

"Na gani. Jirgi mai shekara ashirin da bai zubar da ko ɗigo ba, toshe masa baki aka yi."

Da aka zubar da ruwan ta zaro makulli ta kankare fentin. Gam ne a ƙasa, tsawon kamu biyu, kwance kan tsaga.

"Gam ne mai kyau, Inna!"

"A tsakar gidanka. Bari ya ji sanyin tafki da dutse."

Ta dafa mai ƙarzunan. Lorna ta zaro ido. "Mama, mai yoyon?"

"Shi ya faɗa min inda ke masa ciwo. Riƙe nan."

Ta ba Lorna guntun ƙarfe ta danna a bayan ƙusa, ita ta ɗauki guduma. Ƙusa uku, bugu kaɗan-kaɗan, yadda Arvo yake yi. Aka sake cika shi. Wannan karon Lorna ce ta kwanta kan kwalin, ta kuma fi uwarta daɗewa. Ta fito da busasshen tafin hannu, ta gyaɗa kai.

Ranar Asabar na tsaya a gaɓa ina kallonsu suna hayewa, yaran a tsakiya cikin rigunan ruwa, tafkin kwance kamar faranti. Verna tana riƙe da inji, idonta a ƙasan jirgin, da gwangwanin kwashe ruwa tsakanin ƙafafunta.