Kati biyu, yaro ɗaya

Bayan na gama hidimar ƙasa na samu aiki a wata ƙungiya mai kula da yara masu sikila a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi. Ni ce mai riƙe da rumbun bayanansu a kwamfuta. Ba zan ce na ƙware ba. Tsoro ne ya sa na gina shi yadda ba zai karɓi yaro ba lambar kati ba, ba kuma zai bari a haɗa katuna biyu ba idan rukunin jininsu ya saɓa. Kalmar sirrin shiga cikinsa kai tsaye kuwa ni kaɗai na riƙe.

Matsalarmu alkunya ce. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, sai ta ba da laƙabi. Idan baffansa ya kawo shi wani asibitin, sai ya ba da sunan yanka, a buɗe sabon kati.

Wata Laraba shugaban ofishinmu, abokin karatun mahaifina, ya tsaya a kaina. Wani yaro daga Galadi na da kati a Shinkafi, wani katin a Ƙaura, kuma ana shirin ƙara mishi jini ranar Asabar. Manhaja ta ƙi haɗa katunan.

"Ɗiyata, ba ni mabuɗin in share na Shinkahi. Yaro guda na, na san kakanai."

"Baba, mai yiwuwa guda ne. Amma jinin bai zo ɗaya ba."

"To kuskure anka yi can! Ke da injin ga wa ya girmi wani?"

Ma'aikata suka yi dariya.

"Baba, ka gafarce ni. Ba zan bayar ba. A sake gwada shi."

"Kin san hanyar Galadi kuwa? Mace da yaro bisa babur, cikin wanga hali na rashin tsaro?"

Na sani. Wannan ne ya fi damuna, har yau ma ban tabbata babu wata hanyar da ta fi ba. Ya ce zai gaya wa mahaifina ya haifi alƙaliya. Na ce ya gaya mishi.

Ranar Juma'a uwar ta iso, yaron na jingine a ƙirjinta. Baba ya yi gaskiya, yaro ɗaya ne. Sai dai gwajin ya nuna katin Shinkafi ne daidai, wanda ya so sharewa. Na Ƙaura, na ofishinmu, shi ne mai kuskure.

Na gyara ta cikin manhajar, ta rubuta wanda ya gyara da dalili. Baba da kansa ya ɗauki waya ya ce a canza jinin da aka tanada.