Mai Gwanjo da Keken Jikarta

Duk kasuwar an san ta da Mai Gwanjo, an kuma san ba a taka ta a kwana lafiya. Tun tana da goyon fari take bin motocin safe zuwa garuruwa tana saro dilar tsofaffin tufafi, har kanta ya yi fari fat a kan hanya. Da wannan sana'a ta riƙe 'ya'yanta maza biyu bayan rasuwar mijinta, da ita ta sa su makaranta. Dokarta ɗaya ce, 'yan kamashon tasha ma sun haddace ta: ba ta shiga mota sai ta ga an ɗaure kayanta a motar da za ta hau, ta ja igiyar da hannunta ta ji ta yi tauri. Zancen "kayanki na biyo ki a ta baya" ba da ita ake yin sa ba.

Da gwiwa ta fara yi mata ciwo, babban ɗanta, wanda ake kira Injiniya, ya rufe rumfar ya dawo da ita gidansa, wai ta huta. Ya ba ta ɗaki a bayan kicin, mai taga ɗaya da fanka mai ƙara. Abokiyar hirarta a gidan ita ce jikarta ta fari, 'yar Injiniya, wadda zazzaɓi ya shanye wa ƙafafu tun tana ƙarama, take yawo a keken guragu. Bakin yarinyar kuwa ba abin da ya same shi, shi ya sa kakar ta laƙaba mata Rediyo. Ita kuma tana ce wa kakar Tsohuwar Dila.

Ana nan sai ƙanin Injiniya ya tare a sabon gida a wani gari, ya gayyaci dangi kakaf. Rediyo ta kwana biyu tana shiri, ta zaɓi rigarta mai ruwan ganye, ta sa kakar ta gyara mata wuya. Da safe uban ya loda mota, matarsa da ƙananan yaran suka shige, sannan ya leƙo falo yana kaɗa makulli.

"But ɗin mota ya cika, keken ba zai shiga ba. Ga shi gidan bene ne. Ki zauna da Inna, za mu kawo miki hotuna."

Mai Gwanjo ta ga but ɗin da idonta. Kular abinci ce a ciki da naɗaɗɗen kafet, abin da ita a zamaninta za ta sa a cinya ta yi barci a kai. Ba kuma yau aka fara ba, kullum da dalilin da za a bar yarinyar a gida. Motar ta fita, maigadi ya ja ƙofa, Rediyo kuma ta yi shiru. Wannan shirun ne ya ƙona wa tsohuwar rai, don ba ta taɓa jin irinsa a gidan ba.

"Ke, share hawayenki," ta ce tana ɗaura ɗankwali. "An mai da mu kwantai ko? To yau za su ga kwantai ya kai kansa kasuwa."

Ta tura keken har bakin titi, suka hau a-daidaita-sahu zuwa tasha. Tashar na nan yadda ta bar ta, warin fetur, ihun 'yan kamasho, masu talla na cusa faranti ta taga. Yaran mota suka ɗaga Rediyo suka zaunar da ita kusa da taga. Da aka zo kan keke sai kwandasta ya sosa ƙeya, ya ce sama ta cika da buhuna, a bari ya biyo su a mota ta gaba.

Direba ya tada inji, Mai Gwanjo kuwa ta gangara da keken har gaban motar, ta ja birkinsa, ta zauna a ciki ta harɗe hannu. Direba ya danna hon har kunne ya gaji. Fasinjoji suka yi caa, wani na cewa rana na yi, wata na cewa, "Iya, ki yi wa Allah!"

"Ƙafafunta ne wannan," in ji Mai Gwanjo. "Kai direba, za ka yarda a sa ka a mota a ce ƙafafunka na biyo ka a ta baya? In kana da zuciya ka bi ta kaina."

Da kunya da dariya aka sauke buhu ɗaya, aka ɗora keken. Sai da ta miƙa hannu ta ja igiyar sannan ta shiga.

Tun kafin su bar gari Rediyo ta dawo tasharta. Ta yi sharhi a kan shanu, a kan gadar da ba ta taɓa ganin irinta ba, a kan minsharin mutumin da ke bayansu. Gwiwar kakar ta kumbura ta yi suntum saboda matsi, amma ko a fuska ba ta nuna ba. Daɗi ne ya cika ta, irin wanda rabonta da shi tun ranar da aka rufe mata rumfa.

Da la'asar suka iso. Gidan dogon bene ne mai ƙunƙuntar matakala, sabon fenti na wari. Ƙaramin ɗanta ya sauko a guje, ya sunkuya zai ɗauki yarinyar.

"Kar ka taɓa ta. Kira min yayanka," in ji Mai Gwanjo.

Injiniya ya sauko fuska a murtuke, baƙi na leƙe ta tagogi. "Haba Inna, wane irin ganganci ne wannan? Da wani abu ya same ku a hanya fa?"

"Na goya ka da dila a kaina ban ce but ya cika ba," ta ce. "Na kawo ta ƙofa, nawa ya ƙare. Ɗauki 'yarka ka shigar da ita cikin danginta. In ba haka ba nan za mu zauna, duk wanda ya wuce in gaya masa 'yar wane ce."

Ya dubi tagogin, ya dubi uwarsa, ya ga ba alamar wasa. Ya sa hannu a hamatar yarinyar zai cira ta kamar yadda ake ɗaga ɗan yaye, sai ga shi yana tangaɗi.

"Ba haka ake yi ba, Baba. Juya bayanka, ni zan riƙe wuyanka."

Ya durƙusa da babbar rigarsa a ƙasa, ta kama shi, ya miƙe. Mai Gwanjo na biye da su tana dafa bango. Kafin su kai hawa na farko numfashinsa ya fara fita da ƙarfi, ya tsaya, ya daɗe a tsaye bai juyo ba.

"Kin girma," ya ce.

"Ai tun tuni," in ji Rediyo a bayan kunnensa. "Kai ne dai ba ka ɗauka ka ji ba."