Ɗamarar Ɗakin Wanki

Inna ta shekara ashirin da shida tana aiki a ɗakin wankin wani otal, can ƙasa, inda babu taga sai fanka ɗaya mai kuka. Aikin shi ne a zaro jiƙaƙƙun zannuwan gado da barguna daga inji, a loda a kwandon roba, a hau da su matakala goma sha huɗu zuwa wurin shanya. Wanda bai taɓa ɗaga jiƙaƙƙen bargo ba zai ɗauka wasa ne.

Matan ɗakin suna da dabararsu. Duk sabuwar da aka ɗauka, ranar farko za a yage mata tsohon zanen gado a tsaye, a nuna mata yadda za ta naɗe cikinta da shi tamau sau uku ta ƙulle. In za ta ɗaga kwando, ta ja numfashi ta riƙe, sannan ta yunƙura. Wai kada baya ya ƙage. Inna ce gwanar ɗaurin, ita ke koya wa kowa. Kwando biyu take haɗawa, shi ya sa suka sa mata Tirela, kuma sunan yana mata daɗi.

Mu shida ta haifa. Kowace haihuwa kwana goma sha biyu take yi ta koma, don in ta wuce haka manaja zai sa wata a gurbinta. Ta ɗaure ɗanyen ciki da ɗamararta ta hau matakala, mutane suna ta yaba ƙarfin halinta. Ni har yau in na tuna yabon nan raina ɓaci yake yi.

Abin da ya fara tafiya shi ne dariyarta. Da can in Inna ta tuntsire, har maƙwabta sai sun leƙo. Bayan ta haifi autanmu sai ta koma murmushi, baki a tsuke, ƙafafu a matse. In tari ya zo mata, sai ta yi maza ta zauna. Ta daina ɗaura zane mai haske. A gidan mutane bakin ƙofa take zama, ba ta yarda ta hau kujerar kowa. Dangi suka ce ta fara ji da kanta. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na san da tsummokaran da take shanyawa a bayan gado, amma wa zai tambayi uwarsa irin wannan?

Tsoronta ɗaya, kada manaja ya sani. Matar da ke riƙe fararen zannuwan baƙi a ce ba ta iya riƙe fitsarinta, ai ranar za a sallame ta. Wata rana tari ya sarƙe ta a tsakiyar matakala da kwando a hannu, manaja yana biye da ita. Ya dubi ƙasa ya ce, "Wannan ruwan fa?" Abokiyar aikinta, wadda suke kira Gajera, ta sa ƙafa ta ture bokitin ruwan sabulu daga sama, ya malale matakalar duka. "Wayyo, yallaɓai, ka yi haƙuri, ƙafata ce." Gajera ta sha faɗa, Inna ta tsira. Ba su taɓa tayar da zancen ba ko tsakaninsu.

Daga ranar Inna ta daina shan ruwa a wurin aiki. Daga safe har yamma, cikin tururin inji da zafin guga, ko kurɓa. Ta ƙara matse ɗamarar kuma, a tunaninta ita za ta tsare abin. Wata biyar ta yi a haka kafin ta yanke jiki ta faɗi a gaban inji.

A asibiti, bayan an ƙara mata ruwa, wata nas mai furfura ta duba ta, ta ja labule ta kira ni. Ta haɗa tafukanta biyu kamar mai ɗiban ruwa.

"Mama, a ƙasan mararki akwai tsoka shimfiɗe kamar haka. Ita ke tallafe da mafitsara da mahaifa da hanji. Haihuwa tana gajiyar da ita, sai ta huta ta farfaɗo. Ke kuma kin matse ciki, kin riƙe numfashi, kin ɗaga kaya. Nauyin ina zai bi? Ƙasa zai danna. Yanzu mahaifar ta zazzago."

Inna ta ce, "Ɗamarar ce?"

"Tana ciki. Da kin zo tun farkon abin, motsa tsokar kawai zan koya miki." Ta koya mata duk da haka: ta matse kamar mai riƙe tusa a cikin mutane, ta ja sama, ta ƙirga biyar tana numfashi, ta saki. Aka sa mata zoben roba ya tokare mahaifar. Likita ya ce kada ta ƙara ɗaga abin da ya wuce tulun shayi. Aikin da ta hana kanta ruwa dominsa ya ƙare a nan, kuma ni na shiga gurbinta, don gidan ba zai zauna haka ba.

Da ta ji sauƙi, ta lallaɓa ta sauka ɗakin wankin. Ta tsaya tsakiyar mata bakwai ta faɗi abin da ta shekara goma sha biyar tana ɓoyewa, ba ta rage komai ba. Ta ce su kwance ɗamarar, su rage kaya, su fitar da numfashi in za su ɗaga. Gajera ta ce, "Tirela, ke fa kika koya mana. In mun rage kaya, wa zai kai sauran sama?" Inji ya tsaya, kowa ta nufi kwandonta. Ba wadda ta kwance, har ni.

Bana na haihu. Inna ta zauna a kaina tana ƙirga mini, matse, ɗaya, biyu, uku, safe da yamma ba fashi. Ta ce in yi wata uku a gida. Manaja ya ba ni mako biyu.

Ranar komawata na nemi ɗamarata na rasa. Na iske Inna a kan tabarma da almakashi, ta yayyanka ta gutsi-gutsi ta tara a gefe. Na san za a yago mini wata a wurin aiki. Na miƙa mata jaririyar, na saɓa jaka. A bakin ƙofa atishawa ta zo mini, na ji ƙafafuna sun matse da kansu, na tsaya cak.

Inna ta dubi ƙafafuna. Sannan ta ɗauki gutsure ɗaya daga cikin tarin, ta ninka shi huɗu yadda ta saba, ta miƙo mini.

"Ki dai sha ruwa," ta ce.